Ranar da bindigar Baba ta ƙi tashi a hannuna

Har yanzu in na ga ƙanina Sani yana ɗingishi da safe kafin ƙafar ta warware sai in ji wani abu ya tokare min a ƙirji, don ni na jawo mishi, ba wani ba. Shi ya sa nace bari in rubuta wannan abin ko wani zai tsira da nashi ƙanin.

Mu gidanmu a Daura gidan 'yan bindiga ne tun kakanni, Baba Allah ya jiƙanshi shekara da shekaru yana fita hawan Sallah da na Gani, wato bikin da ake yi a Daura a watan Maulidi, da bindigarshi ta toka, doguwa mai ƙotar da tayi baƙi saboda hannu. Da ya rasu ta dawo wajena. To ni sai na ga tayi min tsawo kuma tayi nauyi, ina ganin wasu samari da 'yan gajeru suna ɗagawa da hannu ɗaya suna harbawa sama mutane na ihu, abin ya shiga raina. Ban tambayi kowa ba, ko Kawu dake ɗaki na kallon nawa ban gaya mishi ba, na kulle kaina a zaure na gajarce ta, na taɓa wajen kunamar ma. Ba zan faɗi abin da nayi mata ba dalla dalla don bana son kowa ya gwada.

Ganin 2024 ta faɗo a watan Satumba, damina bata gama tafiya ba, ɗakina kuwa bangon gabas yana jiƙa duk ruwan da aka yi, kuma nan na rataye jakar albarushin. Ana saura kwana biyu nace ma Sani ya zo mu je gona ta hanyar Zango in gwada, gero ya kai ana ta shirin girbi. Albarushi kawai na ɗura da tsumma irin na hawa, babu harsashi, kuma wallahi wannan ne ya sa na saki jiki, ina ganin ai ba komai a ciki.

Na farko ta tashi lafiya. Na biyu na ɗana na ja kunama sai naji ƙas, shiru. To a nan ne nayi abin da har gobe nake cizon yatsa. Ban tsaya ba, ban bar bakinta inda yake ba, sai kawai na sauke hannu na juyo wajen Sani ina cewa kai zo ka ga ta ƙi, bakin bindigar yana kallon ƙasa daidai ƙafarshi, tsakaninmu bai kai taku biyu ba. Ban rufe baki ba ta tashi. Hayaƙi ya turnuƙe, kunnena ya toshe, ina ganin bakin Sani a buɗe amma bana jin ihun. Wandonshi ya kama wuta daga ƙasa, tsumman da ƙasa da tsakuwa sun shige mishi saman idon sawu, silifas ɗinshi ɗaya yana can gefe madaurin ya tsinke. Abin da ya fara ce min da kunnena ya buɗe shi ne Yaya kar ka gaya ma Inna. Wannan maganar ita ta fi komai yi min ciwo.

Da hulata na kashe wutar, na goya shi zuwa bakin titi muka samu mai mashin. A asibiti sun daɗe suna tsince abubuwa daga cikin naman, aka yi mishi allurar tetanus, sati uku muna zuwa wankin ciwo, kuɗin da na tara na sayen taki na baɗi duk a nan ya tafi. Gani kuwa ko ƙofar fada ban je ba, muna jin ƙarar bindigogi daga gida Inna tana zaune bata ce min komai.

Bayan kwana biyu Kawu ya ɗauki bindigar a buhu ya sa ni gaba zuwa wajen tsohon maƙerin da ke duba ma Baba ita. Ya juya ta ya juya, ya daɗe bai yi magana ba, sannan yace ɗana wa ya yi mata wannan aikin. Nace ni ne Baba. Ya murza albarushin a tafin hannu ya nuna min yadda ya dunƙule, yace ya sha sanyi, kuma irin wannan ba ƙin kamawa yake ba kullum, wani lokaci wutar tana shiga tana ci a hankali kamar garwashi a cikin toka, kai kana zaton ta mutu ita kuwa tana hanya. Yace duk ɗan bindigar da ya koya a hannun manya ya san in ta ƙi tashi ba'a motsi, bakinta na nan inda ba mutum ba dabba, a jira sosai, ba'a leƙa bakin, ba'a hura ta, ba'a ƙara mata wani ɗurin a kan na farko don haka ne ƙarfe ke fashewa a hannun mutum. Kuma yace da doguwa ce yadda ubanka ya bar ta da ba za ka iya juya ta kan yaron da hannu ɗaya cikin ƙiftawar ido haka ba. Ni duk tunanina yana kan me ya hana ta tashi, ashe abin da ya kamata in kula da shi inda bakinta ke kallo ne.

Na roƙe shi ya gyara, yace baya gyara wannan. Kawu ne ya ƙara min da abin da ban sani ba, wai dokar bindigogi ta 1959 bindigar toka tana da lasisinta da ake nema wajen kwamishinan 'yan sanda, amma fistol, wato 'yar gajeriyar bindigar hannu, ko da mai ƙyastu ce tana cikin jerin waɗanda aka haramta, to ni da hannuna na ja gadon Baba zuwa wancan ɓangaren. A gabana maƙerin ya jiƙa ta da ruwa ya tabbatar ba komai a ciki, ya sa ƙarfen a wuta ya dake shi ya baje. Ƙotar kawai ya miƙo min.

In kana da irinta a gida don Allah kar ka zauna kai kaɗai kace za ka gyara ko ka canza mata wani abu, kai ta wajen wanda aikinshi ne, kuma kar ka ce ai ba harsashi. Tamu ma ba harsashi. Sani ya koma makaranta, tabon yana nan kamar faɗin tafin hannun yaro, in sanyi ya shigo yana cewa wajen na mishi tsami. Ƙotar tana rataye a ɗakin Inna, ita tace a bar ta can.