Buta Ta Uku

Jiya da azahar, a masallacin unguwarmu nan Garwa, na tarar da ɗan maƙwabcina yana alwala. Ana iƙama ya zubar da sauran ruwan, ya sake cika buta. Gabana ya faɗi, don shekara 11 na yi a wannan tsugunon.

Nawa waswasin da alwala ya fara, ya koma kan niyya. In yi kabbara, zuciya ta ce ba ta yi ba, in sake, har na kusa da ni a sahu ya fara gyaran murya. Daga nan ya bi ni shago: in kulle, in hau babur, sai na kusa gadar Binuwai in juyo don in taɓa kwaɗo. Mafi muni, na riƙa tambayar maiɗakina ko na furta saki ban sani ba. Takan ce, "Malam, ba ka ce komai ba." In ji sanyi na minti biyar, tambayar ta dawo da ƙarfinta. To, laifina ne? Wa ya san ciwo ne a lokacin? Rubutu na sha, ruƙiyya an yi. Amma fa na karanta Risala, na san wanda kokwanto ya aura an ce ya yi watsi da shi. Girman kai ne, gani nake na fi kowa tsantseni.

Ƙanena ne ya sa ni a jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde. Likitan ƙwaƙwalwa ya ce wannan ciwon waswasi da Faransanci TOC ake kiransa, kuma cikin mutum 100 akan sami ɗaya ko biyu. Tunani ya zo, tsoro ya tashi, ka maimaita aiki, ka ji sanyi, kuma sanyin nan shi ke ciyar da ciwon. Ya rubuta mini maganin fluoxetine, ya ce in ba shi mako 8 zuwa 12. Horon da ya ba ni ya fi ƙwayar ɗaci: alwala ɗaya, ka miƙe, zuciya na ihu, ka ƙi komawa har ta gaji.

Shawara goma na shirya wa ɗan maƙwabcina. Amma ku 'yan yanzu wa ke saurare? Waya a hannu, kuna bin kowane mai rawani a TikTok da tambaya, alhali tambayar ita ce ciwon. Kada ka tambayi kowa. A'a, ka tambayi malami ɗaya, sau ɗaya, sannan ka nemi likita. Kada ka bar magani da kanka. Ni sau biyu na bari; na farko ciwon ya dawo, na biyun dai shiru har yau, amma kada ka kwaikwaye ni.

Da aka sallame yaron yana nan tsugune. Na ce, "Ɗana, kawo butar." Ya ce, "Baba, ka ga na shafi kai kuwa?" Har na buɗe baki zan ce na gani, sai na tuna maiɗakina. Na karɓe butar, na nuna masa tabarma.