Tashar Pac-12 da ta ci kanta

Zamana a jihar Oregon ta Amurka na saba kallon wasannin jami'o'i a tashar talabijin ta Pac-12 Network, ta ƙungiyar Pac-12, wato ƙungiyar wasannin jami'o'in yammacin Amurka. Har wasan ninƙaya da kokawa suna nunawa, abin sha'awa, sai dai waɗannan ba sa kawo kuɗi.

Tun da aka buɗe ta a 2012, ƙungiyar ta ce ita kaɗai za ta mallake ta. Big Ten kuwa, wata ƙungiyar wasannin jami'o'i, ta haɗa hannu da kamfanin talabijin na Fox suka buɗe tata tashar tun 2007. Wallahi nan aka bar Pac-12 a baya. Tashar ba ta taɓa daidaitawa da DirecTV, kamfanin talabijin na tauraron ɗan adam, ba, miliyoyin gidaje ba sa kama ta, rabon kowace jami'a ya zama cikin cokali.

Jami'o'in USC da UCLA suka fara tattara komatsansu suka bar ƙungiyar, sauran suka bi, aka bar Oregon State da Washington State. A 2024 aka rufe tashar.