Amsar da na bayar ban yi tunani ba

Daren jiya ma ƙarfe sha biyu daidai idona ya buɗe. Kun san halin. Shekara da shekaru da barin aikin jirgin ruwa, amma jikin nan bai yarda an sallame shi daga gadin sha biyu zuwa huɗu ba. Awa huɗu kana tsaye, awa takwas kana hutu, haka aka raba mana dare da rana, har abin ya shige ƙashi. Na zauna a bakin gado sai da aka kira asuba.

Da hantsi Mai Rediyo ya zo, tsohon abokin aikina da ke aikawa da karɓar saƙonni a jirgi. Gwiwar ta yi sauƙi, alhamdulillahi, yau ko sanda bai riƙo ba. Muna zama hira ta bi hanyar da ta saba bi. Ya tuno mini farkon shigarmu aikin, lokacin mashigin Suwez yana rufe. Yaƙin 1967 ne ya rufe shi, ba a buɗe ba sai 1975, saboda haka duk jirgin da ya taso daga Tekun Indiya zai tafi Turai sai ya zagaye Afirka kaf ta ƙasan Afirka ta Kudu. Muna mita a kan ƙarin kwanakin, sai manyanmu su ce mu gode Allah, akwai jirage goma sha biyar da rufewar ta rutsa da su a cikin mashigin, shekara takwas suna wuri ɗaya, sai dai a riƙa sauya musu ma'aikata. Rairayin hamada ya lulluɓe su har suka koma ruwan ɗorawa. Mutanen cikinsu har kan sarki suka riƙa zanawa da hannu suna manna wa wasiƙunsu, a 1968 kuma suka shirya wasanninsu na Olamfik a tsakanin jiragen. Mai Rediyo ya ba da labarin nan ya fi sau ɗari, yau ma na yi dariya kamar ban taɓa ji ba.

Yana magana yatsansa na buga hannun kujera, gajere, dogo, gajere, irin bugun da ake aika saƙo da shi ta rediyon jirgi a da. Bai san yana yi ba. Tun ranar 1 ga Fabrairun 1999 da sabon tsarin neman agaji ta tauraron ɗan Adam ya kankama, aka daina buƙatar irinsu a jirgi, amma har yau yatsan bai daina aiki ba.

Muka zagi kwantena kamar kullum. A da jirgi kan yi mako guda ko biyu a tasha ana sauke buhuna da akwatuna, mutum ya sauka ya ga gari, ya san mutanensa. Yanzu kafin ma'aikaci ya taka ƙasa an gama lodi an ɗaga anga.

Can sai ya dube ni ya ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, da za a mayar da kai ɗan shekara ashirin, za ka sake hawa?"

Na ce, "Gobe ma kuwa."

Wallahi ko numfashi ban ja ba. Ashe Hajiya na tsaye a bakin ƙofa, ta kawo mana ruwa. Ta ajiye, ta gaida baƙo, ta tambaye shi gwiwa da iyali. Za ta fita sai ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Ni dai ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba." Ta saki labule.

Mai Rediyo ya yi tari ya koma maganar guguwar da ta taɓa kama mu a tekun Biske, tsakanin Faransa da Sifen. Ina amsa masa da ka, amma ban ji ko rabi ba. Shi ne fa mutumin da ya miƙo mini takardar albishir ɗin haihuwar 'yarmu ta fari. Da hannunsa ya rubuta saƙon yadda ya shigo masa ta kunne, ya same ni ina kankare tsatsa, ya ce in wanke hannu tukuna. Ranar na yi ta murna, kowa a jirgi ya taya ni. Ban ga yarinyar ba sai da ta fara zama. Da na miƙa hannu ta tsala ihu ta ɓuya a jikin uwarta, aka yi dariya, ni ma na yi. Sai yau nake tambayar kaina wa ya kwana da ita a watannin da zazzaɓi ya riƙa kama ta, ina can ina kallon taurari ina juya sallaya duk sanda jirgi ya sauya hanya.

Bayan la'asar na ciro akwatin wasiƙun. Duk wadda na taɓa aiko mata tana nan, ta jera su bi da bi, ta ɗaure da zare. Na karanta kamar guda ashirin. Labarin taguwar ruwa, labarin kifayen da ke tsalle a gaban jirgi, sanyin Rotadam, fitilun Singafo, lissafin kwanakin da suka rage a kwantiragi. Rubutu mai kyau, ba laifi. Abin da ya shafe ta kuwa layi ɗaya ne a ƙarshen kowace, ina fatan kuna lafiya. Ko alamar tambaya babu.

Nata wasiƙun fa? Ejan, wato wakilin kamfanin jirgi, ne ke kawo su in mun shiga tasha, wani lokaci uku a haɗe, wata ta yi wata biyu tana bin mu daga ƙasa zuwa ƙasa. Ina karantawa in sa a ƙarƙashin filo. Daga wannan jirgi zuwa wancan duk suka salwanta. Ko guda ɗaya ban dawo da ita gida ba, kuma na wuni yau ina ƙoƙarin tuno jimla ɗaya daga ciki, ta ƙi zuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne amsar da na ba Mai Rediyo gaskiya ce. Ina kewar teku. Ina kewar sa'ar nan ta ƙarfe uku na dare da ba ka jin komai sai gurnanin inji a ƙarƙashin ƙafarka. Ba zan iya zuwa in ce mata suɓul da baka na yi ba.

Yaran yanzu suna ganin 'ya'yansu ta waya daga tsakiyar teku, akwai kuma yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 da ta hana a riƙe mutum a jirgi har shekara guda. Duk da haka a 2020, lokacin korona, kusan mutum 400,000 suka maƙale a jirage bayan kwantiraginsu ya ƙare. A lokacin su na yi ta tausaya wa. Matansu ba su faɗo mini a rai ba.

Auta ya kira, jarrabawa ta yi kyau. Maganin hawan jini saura na kwana huɗu.

Hajiya ba ta sake tayar da zancen ba. Ta ga akwatin a buɗe, ta gyara zaren da na kwance, ta wuce. Yanzu sha biyu saura kwata, fitilar ɗakinta na kunne. Ina so in je in tambaye ta me take rubuto mini a wasiƙun nan.