Titin da muka rufe

Jiya na miƙa makullin ofis bayan shekara tara a sashen tsara birni, to bari in faɗi abin da ke cina tunda yanzu ba mai rubuto min kweri.

Aikin farfaɗo da tsakiyar gari ne ya karya min gwiwa. Oga ya dawo daga wani taro da hotunan Strøget na Kofanhegan, babban birnin Denmark, titin da aka hana motoci shiga tun 1962, wai mu ma irinsa za mu yi. Ni na zana, ba zan ɓoye ba, har da rawar kai. Muka rufe titi, aka shimfiɗa dutse, aka kafa benci da fitilu, sai ni da hannuna na ɗauke tashar bas na cilla ta can baya wai tana ɓata hoto. Wallahi ko yini ɗaya ban tsaya na ƙirga su wa ke bin titin nan ba, ashe yawancinsu masu sauka daga bas ne, su ɗan yi sayayya su wuce. Ba a rufa shekara ba shaguna suka fara sa kwaɗo, rana na faɗuwa wurin tsit kamar maƙabarta, fitilunmu na haska benci ba kowa.

Abin haushin duk na karanta wannan a makaranta. Jan Gehl, wani masanin tsara birni ɗan Denmark, shekaru ya yi yana ƙirga masu wucewa da masu zama a titunan Kofanhegan ɗin, kuma kaɗan-kaɗan birnin ya riƙa rage wuraren fakin. A 2009 da za a rufe wani ɓangare na Times Square a New York, kujeru masu arha da fenti suka fara sawa don gwaji, sai da suka ga ya karɓu suka mai da shi na dindindin. Mu siminti muka kwarara tun ranar farko. Su kuwa Melbon ta Ostiraliya tun 1992 suka fito da shirin Postcode 3000 don mutane su dawo su zauna a tsakiyar gari, mu ko benayen saman shagunan nan ba mai kwana ciki, ba wanda ya ɗago maganar a mitin, har ni.

Ranar buɗewa oga ne ya yanke ribon, sunana ko a takardar taro babu. Da ƴan kasuwa suka kai kuka sama kuma sai ya ce ai "yaron nan" ne ya zana. Yaro fa, da furfurata. Laifina ne, na yarda, amma sa hannun wa ke ƙasan zanen?

Ku da kuka rage a ofis, duk umarnin baki ku nemi a rubuta, ku kuma ajiye kwafi a gida. Kar ku yarda da hoton kwamfuta mai cike da mutane, mu muke liƙa su.

Watan jiya an mayar da tashar bas inda take. Zanen da na kai wa oga sau uku yana turewa shi aka yi amfani da shi, wani suna ne dai a kai.