Agogon zafi na nuna 90, inji na tafasa a hawan Mbe

Motata Peugeot 504 ce, haɗin Kaduna, mai injin lita biyu da kafireto. Mahaifina ya shigo da ita Garwa, a arewacin Kamaru, tun ina yaro, kuma ba ni da niyyar rabuwa da ita. Duk wanda ke riƙe da irinta a nan ya san watan Maris da Afrilu ba wasa ba ne: zafin gari kan wuce digiri 40, kwalta na turiri, ga inji tsoho. Agogon zafinta na asali ya daɗe da mutuwa, allurar a kwance take ko da an wuni ana tafiya. Baƙin mai kuwa dama jar fitila ce kawai, wadda ba ta kamawa sai ƙarfin mai ya faɗi ƙasa da bar ɗaya (bar shi ne ma'aunin ƙarfin mai), lokacin ɓarna ta riga ta fara. Shi ya sa na yanke shawarar ƙara agogo uku: na zafin ruwa, na ƙarfin mai, da na wutar batir.

Ɗaura su bai ba ni wahala ba. Ban yarda a huda tablo ba, wato allon gaban direba, don tablon 504 da bai tsage ba yanzu wuyar samu gare shi. Mai walda ya yanko mini faranti, ya huda ramuka uku masu faɗin milimita 52, muka shafa baƙin fenti muka rataye shi ƙarƙashin rediyo. Aka ɗauko wuta daga bayan makulli ta fiyus, aka haɗa fitilunsu da ƙananan fitilun mota. Wanda bai sani ba sai ya rantse haka ta fito daga kamfani. Har yau ina alfahari da wannan aikin.

Inda abin ya lalace shi ne kan teburin mai sayar da kaya. Agogon zafin da ya ba ni mai kyau ne, fuskarsa daga 40 zuwa 120. Amma kwalin a buɗe yake, babu sondi a ciki, wato ɗan ƙarfen tagullar nan da ake ɗaurawa a jikin inji yana taɓa ruwa. Ya jawo aljihun tebur cike da su, ya tona ya miƙo mini ɗaya. Na tambaye shi ko nasa ne. Ya ce, "Alhaji, ai duk ɗaya ne. Kamfani ɗaya, haƙori ɗaya. Je ka ɗaura, in bai yi ba ka dawo." Da gaskiyarsa ta gefe guda: kamfani ɗaya ne, kuma ya shiga ramin daidai. Aka kunna mota, allura ta tashi a hankali. Me kuma mutum zai nema?

Aka yi watanni ina yawo cikin gari allurar tana tsakanin 70 da 75. Ko a cunkoson bakin babbar kasuwa da tsakar rana ba ta wuce 80. Abokai na shiga su duba su ce, kai, wannan injin sanyi gare shi. Ni ma hankalina ya kwanta. Da can, da ba ni da agogo, nakan tsaya na buɗe bonet, na taɓa tiyo, na saurari inji, na shinshina. Agogon nan ya ɗauke mini duk wannan, kuma abin da ke ci mini rai ke nan har gobe.

Ranar da abin ya faru kawuna nake kai wa Ngaundere, zai kama jirgin ƙasan Yawunde da ke tashi da yamma, yana da ganin likita washegari. Mu huɗu ne a mota, but cike da kaya. Daga Garwa muka tsallake Binuwai, muka wuce Ngong, lafiya lau. Wanda ya san hanyar ya san ƙarshenta ne aiki, inda ake barin kwari a hau tudun Adamawa ta hawan Mbe, kwana bayan kwana, manyan motoci na jan ciki a gabanka, ba wurin wucewa. Na koma giya ta biyu. Iska ba ta shiga lagireto sosai a irin wannan gudun, sai abin da fanka ta jawo. Idona na kan agogon. Allura ta hau 85, ta hau 90, ta ɗan gota ta tsaya. Na ce a raina, a irin wannan hawan da wannan lodin, 90 ai ba komai.

Kawu ne ya fara cewa, "Ɗana, ba ka jin ƙauri?" Na ce, "Kawu, birkin tirelar gabanmu ne." Ban rufe baki ba inji ya fara ƙwanƙwasa, ƙarfi ya ragu, sai farin tururi daga gefen bonet. Na samu ɗan fili na faka. Abin da ba zan manta ba: na leƙa agogon kafin na kashe mota, allurar ta ma fara sauka. Ruwan ya tsere, sondi ba ya cikin ruwa, tururi kawai yake ji.

Kawu bai samu jirgi ba. Bai yi mini faɗa ba, ya shimfiɗa darduma a gindin bishiya ya yi la'asar, daga baya wata motar haya ta ɗauke shi. Ranar ganin likita sai da aka sake masa wata. Ni kuwa washegari aka jawo ni zuwa Garwa.

Baba, tsohon makanikin da ke duba motar tun zamanin mahaifina, shi ya sauke kulas, wato kan inji. Injin 504 jikinsa ƙarfe ne, kansa alminiyam, kuma alminiyam ba ya jure irin wannan gashin. Gaskit ya ƙone tsakanin silinda biyu, kulas ya ɗan karkace, sai da aka kai shi aka goge fuskarsa. Yaron shago ya kai hannu zai juya inji, Baba ya daka masa tsawa. Silindojin wannan injin zarewa suke yi, ruwa ne kewaye da su, in ka juya inji ba kulas ba tare da ka danne su ba sai su motsa, ruwa ya samu hanyar shiga mai. Da ya leƙa lagireto ya nuna mini bututunsa, yawancinsu sun toshe da farin gishirin ruwan famfo. Ashe motar ta daɗe tana zafi. Abin da na sayi agogo don ya gaya mini ke nan, kuma bai gaya mini ba.

Na ce, "Baba, wallahi 90 yake nunawa." Bai yi musu ba. Ya kwance sondin, ya ce wa yaro ya kawo butar shayi da murhun gawayi. Ya ɗaura dogon waya a kan sondin, ya naɗa wani a jikinsa ya kai jikin mota, ya rataye shi da ƙarfe cikin butar yadda bakinsa ya nutse bai taɓa gindi ba. Muka tsuguna muna jira. Ruwa ya fara ƙara, ya soma ɓulɓula, ya tafasa har murfi ba ya zama. A Garwa, da ƙasa take kusa da matakin teku, ruwa na tafasa wajen digiri 99. Na shiga mota na murɗa makulli. Allura ta tashi, ta tsaya a 84.

Baba ya goge sondin da tsumma, ya kai shi hasken rana, ya miƙo mini. A gefen da sufana ke kamawa an buga ƙananan lambobi: 150. Na zafin baƙin mai ne, an yi shi don agogo mai fuska har 150. Nawa mai 120 ne. A ido ba ka raba su.

Ga yadda abin yake, don na zauna na fahimce shi daga baya. Agogon lantarki ba ya jin zafi, turjiyar wuta yake karantawa. A cikin sondi akwai wani abu da turjiyarsa ke raguwa in zafi ya ƙaru, kuma kowane agogo an daidaita shi da nasa sondin. Irin mai 120, a digiri 100 turjiyarsa kusan om 38 ce (om shi ne ma'aunin turjiya). Mai 150, a wannan zafin, tana wajen 62. Agogona ya ga 62 ya fassara ta da harshensa, ya ce 84. Kuma ratar ƙaruwa take yi in zafi ya hau. Lokacin da nake kallon 90 da 'yan kai a hawan Mbe, ruwan yana wajen 110, inda murfin lagireto ke gab da sakin tururi. Da allurar ta ƙi motsi tun ranar farko, da na koma na canza. Da ta nuna zafi fiye da gaskiya, da tsoro kawai zan riƙa ji. Wannan kuwa tana motsi daidai da hawa da sauka, tana ba ka lambar da kake son gani, kamar awon mudun da aka ɗaga wa gindi.

Don haka duk wanda ya tambaye ni yanzu, abu na farko da nake ce masa: kada ka karɓi agogo da sondi sai daga kwali ɗaya a rufe, kuma ko da haka ne, ka tafasa ruwa kafin ka ɗaura. Gawayin sefa ɗari ya isa. In kana Ngaundere ka tuna can tudu ne, ruwa na tafasa wajen 96, kada ka zargi agogo a kan wannan. Ka karanta lambar da ke jikin ƙarfen da idonka, ko da za ka nemo tabarau.

Sauran abubuwan ƙanana ne in aka kwatanta. Yawancin sondin da ke zuwa da agogunan kasuwa haƙoransu irin na Amurka ne, ɗaya bisa takwas na inci, masu tsukewa, injin Faransa kuwa na milimita ne. Sukan shiga zagaye biyu su cije, in ka matsa da ƙarfi ka ci haƙoran alminiyam. A nemi mahaɗi na tagulla. Sondi mai waya ɗaya ta jikinsa yake komar da wuta, in aka naɗe haƙoransa da farin tef da yawa sai karatu ya lalace. Na baƙin mai, ka sa mahaɗi mai baki uku don jar fitilar asali ta ci gaba da aiki, don ido ya fi saurin ganin fitila a kan allura. Ban yarda da mai siririn tiyon roba da ke shigo da mai cikin mota ba, ranar da ya fashe a ƙafarka zai zuba da zafinsa. Na batir kuwa waya biyu ne ka gama: 12.6 in mota na kashe, wajen 14 in tana aiki. Kuma in ka ga allurar zafi ta hau sannan ta faɗo ba dalili kana tsakiyar hawa, ka tsaya nan take, ruwa ne ya ƙare.

Kuɗin gaskit, da gugar kulas, da wankin lagireto, da jan mota daga can, sun ninka kuɗin agogunan uku sau da yawa. Yanzu da sondin da ya dace, cikin gari allura na zama tsakanin 85 da 90, kuma na gwada shi a buta da hannuna kafin ya shiga inji.

Na koma wurin mai kayan da sondin a hannu, na nuna masa lambar. Ya juya shi, ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ƙaddara ce. Ni ban taɓa sanin akwai bambanci ba." Na yarda bai sani ba. Na roƙe shi ya ware su gida biyu, ko da a gwangwanin madara ne, ya ce in sha Allahu. Kwanan baya na bi ta shagon neman fambel, aljihun teburin yana nan yadda yake, masu 120 da masu 150 a cakuɗe, ga wani mai tsohuwar Toyota tsaye yana jiran a zaɓo masa.