Lamba ɗaya ta cinye min mako uku

Har yanzu idan na ga 4103 a rubuce sai raina ya sosu. Ina rubuta kundin digiri na biyu ne a kan fatar akuya da ake fitarwa daga Kano, kuma da yake na tashi kusa da Ƙofar Wambai, warin majema ba baƙona ba ne. Shi ya sa na shiga laburare da ƙarfin gwiwata, ina ganin aikin kwana biyu ne.

EBSCOhost, rumbun maƙalun bincike na intanet, bai ba ni wahala ba, maƙalu kan jar akuyar Sakkwato na nan birjik. Alƙaluman ciniki ne suka kayar da ni. Na buɗe Trade Map, shafin alƙaluman cinikin ƙasa da ƙasa, na rubuta fata da Turanci, lambobin da kwastam ke ba kowane irin kaya suka jero, na danna 4103 don na ga akuya na cikinta. Abin da ya fito ɗan mitsitsi ne. Maimakon in tsaya in ce anya, sai murna ta kama ni wai na gano abin da kowa bai gani ba. Na zauna na tsara babi na huɗu kacokan a kan cewa sana'ar ta mutu. Har jadawali mai launi na yi, na biya kuɗin bugawa daga ɗan abin da ya rage min na wata.

Malamin da ke duba aikina ya karanta shafi biyu, ya cire tabarau ya ce, "Kai da kake ɗan cikin gari, manyan motocin da ke fitowa daga kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa iska suke ɗauka?" Na rasa bakin magana.

Washegari na koma laburare. Akwai wata ma'aikaciya da kullum nake wuce teburinta da sallama kawai. Na ce, "Hajiya, don Allah a duba min wani abu." Ko minti goma ba ta yi ba. Ashe 4103 ta ɗanyar fata ce, wadda ba a jeme ba. Fatar akuyar da aka jeme amma ba a gama gyara ta ba tana 4106, wadda aka gama kuwa tana 4113. Kamfanonin jima na Kano jemammiya suke sayarwa, yawanci Italiya da Sifaniya. Wato na je rumbun da babu hatsi na leƙa, na dawo ina shelar yunwa.

Ita ce kuma ta nuna min in duba abin da Italiya ta rubuta cewa ta saya daga Najeriya, in gwada da abin da Najeriya ta ce ta sayar, domin ba kullum suke yin daidai ba. Da na san wannan tun farko, da kuskuren 4103 ya fito fili a rana ɗaya.

Ɓangaren kamfanoni kuwa, kada ka sa rai da yawa. Akasarin masu jiman nan ba sa kasuwar hannun jari ta Legas, don haka babu rahoton shekara da za ka sauke kamar na Dangote Cement. A shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sunan kamfani da lambar rajistarsa na samu, sai ko kamfanin na nan da rai a takarda. Sauran da ƙafata na neme shi, ina zaman jira a bakin get da takardar gabatarwa daga makaranta.

Yanzu duk ƙanen da ya zo min da batun bincike, kafin ya taɓa kwamfuta nakan sa ya rubuto min lambar kayansa da cikakken bayanin da ke gabanta, ya karanta min da baki. Wasu na ganin na cika tsanani. Tsohon babi na huɗun yana nan cikin durowata da jan biron malam a jikinsa, na kasa yar da shi saboda kuɗin launin da na biya.