Yadda aka soke inshorar gininmu a Manchester, da yadda muka karɓo diyya

A Ingila, wanda ya sayi filat a ginin da ke ɗauke da gidaje da yawa, galibi ba shi ne ke yi wa bango da rufi inshora ba. Inshora ɗaya ake yi wa ginin baki ɗaya. Mai ƙasar ko kamfanin da ke kula da ginin ne ke sayenta, kowa kuma ya biya kasonsa a cikin kuɗin hidima na shekara. Tunda takarda ɗaya ce ta rufe kowa, abin da maƙwabcinka ya yi da nasa gidan yana iya jawo maka asara, ko da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Nawa filat ɗin yana hawa na tsakiya a wani tsohon gidan jan bulo da aka raba gida shida. Mu masu gidajen muka haɗu muka mallaki ƙasar ta hannun wani ƙaramin kamfani, muka ɗauki ejan yana kula mana. Na ba da nawa haya ga wani ɗan Kano da ke karatun digiri na uku, shi da iyalinsa. A tsakiyar Disambar 2022, lokacin da sanyi ya yi tsanani a faɗin ƙasar, ya kira ni da asuba. "Alhaji, a yi haƙuri da kira a wannan lokaci. Ruwa ne ke zuba ta ramin ƙwan fitila." Bututu ne ya daskare ya fashe a filat ɗin sama, wanda mai shi ya yi tafiya tun kafin shigowar sanyi, ya kashe na'urar ɗumama gida. Da na isa na tarar silin ɗin falo ya kumbura ya yi ciki, kafet ya jiƙe sharkaf, matarsa ta kwashe littattafansa ta jibge a teburin kicin ta lulluɓe da ledar shara.

Mai kimanta ɓarna da kamfanin inshora ya turo bai daɗe yana kallon silin ba. A bakin ƙofar shiga ya tsaya, yana ɗaukar hoton wani ɗan akwatin makulli mai lambobi da aka kafa a bango. Ashe mai filat ɗin ƙasa ya sa nasa a Airbnb, dandalin intanet na hayar gida ta 'yan kwanaki, baƙi na kwana biyu su tafi, alhali takardar sabunta inshorar ta ce duk gidajen shida masu su ne a ciki ko 'yan haya na dindindin. Wasiƙa ta biyo baya: an soke inshorar tun daga tushe, kamar ba a taɓa yin ta ba, ga kuɗinku za a mayar muku.

Sokewa ta fi ƙin biyan diyya muni. Bankin da ya ba ka bashin sayen gida ya gindaya sharaɗin cewa ginin na da inshora a kowane lokaci. Sannan duk kamfanin da kuka nufa daga baya zai tambaya ko an taɓa soke muku inshora, kuma dole ku faɗi gaskiya.

Abin da na fara yi shi ne neman takardun da kansu. Ejan ya yi ta jan ƙafa, sai na rubuta masa ina kafa hujja da dokar masu gida da 'yan haya ta 1985, wadda ta ba mai biyan kuɗin hidima damar neman bayanin inshorar a rubuce cikin kwana 21, da damar ganin yarjejeniyar kanta. Takardun suka zo. A nan na ga ainihin tambayar da aka yi da amsar da aka bayar, na kuma tabbatar cewa lokacin da aka cike takardar, babu wanda ya san da zancen Airbnb sai mai filat ɗin.

Wannan ne ya cece mu. Dokar inshora ta 2015, wadda ta fara aiki a Agustan 2016, ta hana kamfani soke yarjejeniya don kawai an samu bayanin da ba daidai ba. Idan da gangan aka ɓoye ko da ganganci, yana iya sokewa ya riƙe kuɗin. Idan ba haka ba ne, sai ya nuna abin da zai yi da ya san gaskiya tun farko. Idan da ba zai karɓi ginin ba sam, ya soke ya mayar da kuɗi. Idan kuwa ƙarin kuɗi kawai zai caza, to ya biya diyya gwargwado: misali an biya fam 3,000 alhali fam 4,000 ya kamata, sai ya biya kashi 75 cikin 100 na ɓarnar. Dillalin inshorarmu ya gano cewa kamfanin yana karɓar gine-gine masu irin wannan haya, farashi ne kawai yake ƙarawa. Muka shigar da koke a rubuce. Kamfani na da mako 8 ya ba da amsar ƙarshe, daga nan mai koke na da wata 6 ya kai maganar ofishin sasanta rikicin harkar kuɗi, Financial Ombudsman Service, kyauta. Ba mu kai can ba. Suka janye sokewar, suka biya gwargwado.

Giɓin da ya rage ne ya haɗa mu rigima a tsakaninmu, rigimar da ta fi ta kamfanin ɗaci, domin da mutanen da kuke haɗuwa a matakala ake yin ta. Yarjejeniyar mallakarmu ta ce filat gidan zama ne kawai, kuma a shari'ar Nemcova ta 2016 kotu ta yanke cewa haya ta 'yan kwanaki ta saɓa wa irin wannan sharaɗi. Da aka nuna wa maƙwabcin haka, ya cire akwatin makullin, ya ɗauki kaso mafi tsoka na giɓin.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai filat ɗin sama. Ko sisi bai samu ba a kan ɓarnar nasa gidan, saboda yarjejeniyar inshorar ta ce idan filat ya wuce kwana 30 babu kowa, ba a biyan ɓarnar ruwa a cikinsa sai in an rufe famfo an tsiyaye bututu, ko an bar ɗumi a kunne, kuma wani na leƙawa a kai a kai. Sa'armu ɗaya, sharaɗin ya tsaya a kan gidan da babu kowa, bai shafi namu ba. Amma irin wannan sharaɗi abin lura ne sosai a gare mu, mu da ke zuwa gida Najeriya ko Nijar mu yi wata biyu, ko ɗan haya ya tashi filat ya zauna kafin a samu wani.

Yanzu kafin kowace sabuntawa, ejan na aika wa kowannenmu takarda ya rubuta wanda ke zaune a gidansa da irin hayar, ya sa hannu, a miƙa wa dillali. Duk mai tafiya mai tsawo yana sanar da ejan ya bar makulli. Daga ƙarshen 2023 kuma hukumar FCA, mai sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya, ta wajabta a riƙa ba masu filat bayanin inshorar gininsu, har da kamashon da dillali ke karɓa. Nakan karanta nawa a ranar da ya iso, na fara da shafin abubuwan da inshorar ba ta biya.